Hattara: Kada Alkawari Ya Zama Albashin Malamin Sa-kai

Ga iyayen yara, shugabannin makarantu, kwamitocin makaranta, dagatai da masu unguwanni na Toranke da sauran garuruwan Ajingi da Gaya: akwai ɓarakar da ke ƙara buɗewa a makarantunmu na firamare, idan kuma ba a ɗinke ta yanzu ba, a kan 'ya'yanmu za ta ƙare.

A ajujuwa da dama na karkara, mai riƙe da alli malamin sa-kai ne. Shi ake nemowa idan malama ta tafi hutun haihuwa, ko malami ya yi ritaya, ko aka yi wa wani canji zuwa birni ba a turo madadinsa ba. Sau da yawa da takardarsa ta NCE a hannu. Abin da ke shiga aljihunsa ɗan ihsani ne daga kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, wani watan ya samu, wani watan shiru. Babu takardar ɗaukar aiki, babu ko sisi a lokacin hutu, balle maganar fansho. Ragowar haƙƙinsa da baki ake biya: "Ka ƙara haƙuri malam, idan an tashi ɗaukar ma'aikata da kai za a fara."

Wannan alkawari ya ƙara farashi a 'yan shekarun nan. Gwamnatin Kano ta Abba Kabir Yusuf, wadda ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, ta mayar da dubban malaman shirin BESDA ma'aikata na dindindin. Abin a yaba ne. Sai dai BESDA shiri ne da Bankin Duniya ya ɗauki nauyi, sunayen malamansa suna cikin rajistar hukuma. Wanda shugaban makaranta ya kira da baki ya ce zo ka riƙe mana aji uku, sunansa ba ya cikin littafin kowa. Matasa kuwa suna ta shiga ajujuwa kyauta da fatan ranarsu za ta zo, ba su san cewa ba a layi ɗaya suke da malaman BESDA ba. A irin wannan yanayi ne 'yan damfara ke samun kasuwa, su karɓi kuɗi da sunan za su cusa sunan mutum a jerin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB.

Doka ma ba ta tsaya wa malamin sa-kai ba. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a watan Yulin 2024, Kano ta mai da nata 71,000, amma wannan na mai takardar ɗaukar aiki ne. Tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, kuɗin man babur zuwa makarantar ƙauye kaɗai ya isa ya lashe ihsanin wata.

Mun riga mun ga inda wannan hanya ke kaiwa. Shirin N-Power da aka fara a 2016 ya tura matasa ajujuwa a kan naira 30,000 a wata. A 2020 aka sallami rukunin farko da na biyu, a watan Oktoban 2023 aka dakatar da shirin, ajujuwan da suka riƙe suka koma marayu. A Jamhuriyar Nijar, inda malaman kwantiragi suka zama mafi rinjaye a firamare, jinkirin biyan kuɗinsu ya sha jawo yajin aikin da ke cinye makonnin karatu. Malamin da ba a biya ba zai tafi gona da damina, zai hau acaɓa ranar kasuwa, kuma babu mai bakin tsawata masa. Yaro sai ya kai aji shida bai iya karanta sunansa ba, uban ya ce boko ɓata lokaci ne, ya cire ƙannensa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a koma zango mai zuwa, kowace makaranta ta rubuta yarjejeniya da malamin sa-kai: nawa ne kuɗinsa, wace rana za a biya, darussa nawa zai koyar, me zai samu a lokacin hutu. Shugaban makaranta da shugaban kwamiti su sa hannu, dagaci ya zama shaida. Sakatarorin ilimi na Ajingi da Gaya su buɗe rajista mai sunan kowane ɗan sa-kai, da shaidar karatunsa, da ranar da ya fara, a liƙa ta a fili, a kuma bi ta idan gurbi ya samu. Shugabannin ƙananan hukumomin biyu su ware musu alawus na wata-wata a kasafin kuɗi. Ƙungiyar malamai ta NUT ta sa baki, domin malamin kyauta yana karya darajar mai albashi.

Kai kuma malam, kada ka karɓi aji sai da takarda, ka adana kwafinta, kada ka ba kowa ko kwabo don a sa sunanka a wani jeri. Wanda ya nemi kuɗi a hannunka, ka kai ƙararsa ofishin sakataren ilimi ko wurin hakimi a ranar.