Saƙon Waya Ga Yara Masu Ciwon Suga

Yara manyan gobe, ku sani ciwon suga ba na tsofaffi kaɗai ba ne. Akwai wanda ke kama yara, jiki ya daina yin sinadarin insulin, sai da allura kullum. To, yaro in ya fara tasawa, ga karatu ga wasa, mantuwa ba wuya.

Shi ya sa likitoci a garin Dandi, ƙasar Sikotilan, suka jarraba aika wa irin waɗannan yara saƙon tuni ta waya kowace rana. A sakamakon 2006, yaran sun ce sun ƙara kula da allurarsu, amma saƙon kaɗai bai saukar da suga ba.

Don haka iyaye, a riƙa tuni, kada kuma a bar zuwa asibiti.