Rabin Tarihin Kaduna Yana Tsallaken Kogi

Wanda ya zo Kaduna neman tarihi, hannu ɗaya ake nuna masa: arewacin kogi. Can ne Gidan Tarihi na Ƙasa yake, a titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975 cikin tsohon ginin hedikwatar jam'iyyar NPC, da gumakan yumɓu na Nok da kayan tagulla na Binin. Can ne Arewa House, gidan Sardauna Ahmadu Bello, da takardunsa. Can kuma aka kafa gadar ƙarfen Gwamna Lugga da aka kwaso daga Zungeru. Kaya ne masu daraja, amma ko dai labarin masu mulki suke bayarwa, ko na mutanen da suka shuɗe tun kafin Turawa su mayar da garin hedikwatar Arewa a 1917. Talakan da ya cika garin bai samu ko da kusurwa ba.

Shi wannan talaka a kudu ya zauna. Tashar jirgin ƙasa ta Kaduna Junction ce ta fara tara leburori, inda layin Fatakwal ya haɗu da na Legas zuwa Kano. A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri, haɗin gwiwar gwamnatin Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Masaƙun Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya, ga masana'antar makamai ta DICON a 1964, ga kamfanin harhaɗa motar Fijo a 1975. Jiniyar masaƙa ce agogon Kakuri da Makera da Nasarawa, kuma a bakin inji ɗaya Bahaushe da Bajju da Tibi da Bayarabe suke karɓar aiki daga hannun juna. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Injunan saƙa, katin shiga aiki, takardar albashi, samfurin akoko da atamfa, tutocin ƙungiyar ƙwadago: waɗannan su ne kayan gidan tarihin birni, kuma tsatsa da gara da 'yan gwangwan ba sa jiran kasafin kuɗi.

Za a ce mene ne abin nunawa a masaƙar da ta mutu, alhali tsofaffin ma'aikata sun yi shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama? Hujja ce mai nauyi, kuma babu mai cewa a sayi akwatin gilashi kafin a biya bashi. Sai dai gidan tarihi ba ɗakin kirari ba ne. Birnin Manchesta ma ya rasa masaƙunsa, ya ajiye injunan a tsohuwar tashar jirgi, yara suna ganin yadda auduga take zama zare. A nan, ƙarancin lantarki da fasa-ƙwaurin atamfa su ma abin bajewa ne, domin su suka kwantar da injunan.

Wasu kuma za su ji tsoron tono, ganin yadda rikicin 2000 da na 2002 suka mayar da kogin iyaka tsakanin Musulmi da Kirista. Amma yaron da aka haifa bayan nan, a Tudun Wada ko a Sabon Tasha, bai san wata Kaduna ba sai rababbiya, kuma rajistar ma'aikatan masaƙa ita ce shaidar cewa an yi wata kafin ta. Aikin farko ma ba ya buƙatar gini. Na'urar ɗaukar murya ta isa, tunda wanda ya kama aiki a KTL yana ɗan shekara 20 a 1970, yau ya haura 70.