Kumbo Yana Sama, Aikin Yana Ƙasa

Ranar Talata 20 ga Fabrairu 1962, a tsakiyar watan azumi, wajen la'asar, wani kumbo ya gifta ta saman wannan yanki namu. Manoman Dambatta da Bichi da Minjibir ba su san an yi ba. Amfani ya daɗe da shiga rumbu, aikin da ya rage shi ne kai taki gona a mangalar jaki, ga hazo ya lulluɓe gari. Mutum ɗaya ne a cikin kumbon, John Glenn, Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya. Shi ya hango ƙurar daga can sama, ya faɗa wa tashar da ke sauraronsa a ƙasa, aka amsa masa da cewa ai mako guda ke nan ana fama da iska mai ƙarfi. Tashar da ta ba shi wannan amsa a Kano take, a zamanin Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya, lokacin dalar gyada tana tsaye.

Me ya kawo hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, Kano? Siffar duniya ce ta tilasta mata. Saƙon rediyon kumbo miƙe yake tafiya, ba ya lanƙwasa ya bi gantsarwar ƙasa. Kumbon Glenn yana gama zagaye ɗaya cikin kusan minti 90, saboda haka kowace tasha mintoci kaɗan take jin sa kafin ya ɓace mata. Sai aka jera tashoshi 18 kewaye da duniya, har da na kan jiragen ruwa. Tsibiran Kanari su miƙa wa Kano, Kano ta miƙa wa Zanzibar, daga nan sai jirgin da ke tekun Indiya, sai Ostireliya. Abin da kowa ya ji, na bugun zuciyar matuƙi da zafin kumbo da ragowar iskar shaƙa, a aika da shi Amurka, inda kwamfutocin cibiyar Goddard ke ta lissafin hanya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihin nan shi ne watannin da suka gabaci ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a yarda a ɗora ran mutum a kan waɗannan tashoshi, sai da aka gwada su ta kowace fuska. An ɗora irin na'urorin kumbo a jirgin sama, ya riƙa shawagi bisa tashoshin don a ga ko eriya za ta kama shi ta bi shi. An riƙa kunna wa ma'aikata faifan bayanan ƙirƙira, a cusa matsala a ciki da gangan, a ga ko likita da injiniya da mai magana da matuƙi za su gano ta cikin 'yan mintocin da suke da su. Ranar 13 ga Satumba 1961 aka harba kumbo babu kowa ciki sai wata na'ura mai kwaikwayon numfashin mutum, ya yi zagaye ɗaya, tashoshin suka bi shi. Ranar 29 ga Nuwamba aka sa biri mai suna Enos, ya yi zagaye biyu. Bayan duk wannan ne aka ce wa Glenn bisimilla.

Kuma atisayen ya yi rana. Ana cikin tafiyar, wani sigina ya nuna wa mutanen ƙasa cewa garkuwar da za ta kare kumbon daga ƙonewa wajen saukowa ta kwance. Glenn ba ya ganin wannan a gabansa. A ƙasa aka gani, a ƙasa aka yi shawara, aka sauya masa tsarin sauka. Daga baya ta bayyana cewa wani ɗan makunni ne ya ba da rahoton ƙarya. Amma a lokacin, mutanen da ke zaune gaban allo ne suke riƙe da shawarar rai ko mutuwa.

Shekara 59 bayan haka, ranar 25 ga Disamba 2021, rokar Ariane 5 ta tashi daga Kourou a Kudancin Amurka ɗauke da madubin hangen nesa na James Webb. Faɗin madubinsa mita 6.5 ne, falle 18, kuma a naɗe aka tura shi, shi da laimarsa mai rufi biyar da ke kare shi daga zafin rana. Sai ya je can sannan a warware shi da umarni daga ƙasa. Injiniyoyi sun lissafa wurare 344 waɗanda in ɗaya ya ƙi, aikin na iya rushewa. Wanda ya gabace shi, Hubble, an harba shi a 1990 da aibi a madubi, amma da yake tsakaninsa da ƙasa bai kai kilomita 700 ba, 'yan sama-jannati suka je a Disamba 1993 suka gyara. Webb kuwa mazauninsa kilomita miliyan 1.5 ne daga nan. Babu mai zuwa da sifana.

Shi ya sa tun yana ajiye a ɗakin kamfanin Northrop Grumman a Kalifoniya aka haɗa shi da ɗakin da za a riƙa tuƙa shi a birnin Baltimore, a ɗaya ɓangaren Amurka. Aka sa na'urar da ke kwaikwayon manyan eriyoyin NASA na Goldstone da Madrid da Canberra, waɗanda aka rarraba su a duniya yadda in ɗaya ta juya baya wata za ta karɓa. Daga Baltimore a aika umarni, madubin ya amsa, ya dawo da bayanai, a bi su har inda masu bincike za su ɗauka. Har ma aka gwada mayar da ragamar zuwa ɗakin ko-ta-kwana da ke Goddard, don gudun ranar da babban ɗakin zai samu cikas. Manomin rani a madatsar ruwan Watari ko ta Tomas ya san dalilin: ba ya dasa tumatir sai ya tayar da injin ban-ruwa ya ga ruwa ya isa ƙarshen fangali. Da Webb ya tashi, tashar Malindi a gaɓar tekun Kenya ce ta fara jin muryarsa. A Yulin 2022 hotunansa na farko suka fito.

Mu ma muna da namu taurarin ɗan'adam. An kafa hukumarmu ta sararin samaniya, NASRDA, a 1999, aka harba NigeriaSat-1 daga Rasha a Satumban 2003. NigComSat-1 ya tashi daga Sin a Mayun 2007, ya mutu a Nuwamban 2008 saboda matsalar faifan da ke samar masa da lantarki daga hasken rana, aka maye gurbinsa a Disamban 2011. A Agustan shekarar ne kuma aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, wanda injiniyoyinmu suka haɗa da hannunsu a Ingila.

Duk waɗannan, ranar harbawa ce ke samun kanun labarai, alhali rokar ta wasu ce, filin harbawar ma na wasu ne. Ɓangaren da ke hannunmu kacokan shi ne na ƙasa: eriyar da ke Abuja, lantarkin da ba zai ɗauke ba a daidai 'yan mintocin da tauraron ke wucewa, da ma'aikacin da ya maimaita aikinsa har ya zame masa jiki. A ganina gwajin bai ƙare a Abuja ba. A ƙasa irin tamu, inda gona ke manne da gona kuma ba a barin fili ya huta, hoton da zai nuna inda gero ya fara ƙuna ko inda zaizaya ke cin ƙasa yana da amfani ne kawai in ya iso hannun malamin gona a Kunchi ko Tsanyawa damina ba ta wuce ba. Duk ranar da za a sake sayo mana tauraro, ina so a sa wannan zango na ƙarshe cikin jerin abubuwan da za a gwada tun kafin roka ta tashi.