Daga Shimano Zuwa SRAM Ko Campagnolo: Me Za Ka Canza, Me Za Ka Bari?

Ga rubutaccen shirinmu na yau, domin waɗanda suka fi son karatu da saurare.

Yau maganar keken tsere za mu yi, mai siririyar taya da lanƙwasasshen hannu. Tambayar da take yawan zuwa mini ita ce: "Kayan Shimano ne a kekena, amma na SRAM nake sha'awa. Zan iya canza shifta kawai in bar sauran?" Amsar a taƙaice, a'a. Bari in faɗa muku dalili kafin wani ya tura kuɗinsa waje, kaya su iso su ƙi hawa.

Kamfanoni uku ne suka riƙe wannan harka. Shimano na Japan, an kafa shi a garin Sakai a 1921. Campagnolo na Italiya, a garin Vicenza, 1933. Sai autansu SRAM na Amurka, a Chicago, 1987. Kowanne yana ƙera kayansa ne a matsayin saiti guda: shifta, wato abin sauya giya da ke haɗe da hannun birki, direla ta gaba da ta baya masu tura sarƙa, kaset wato jerin haƙoran ƙafar baya, sarƙa, birki, da kuran wanda feda take ɗaure a jikinsa.

Mu fara da shifta da direla, don nan ne aka fi asara. Duk lokacin da ka danna shifta ka ji "ƙas", ta ja waya ne daidai wani awo, ita kuma direla an ƙera ta ta matsa haƙori ɗaya bisa wannan awon. To kowane kamfani da nasa awon, kamar yadda mudun wata kasuwa ya bambanta da na wata. Ka haɗa shiftar SRAM da direlar Shimano, giya ɗaya ko biyu za su shiga, sauran sai tsalle da ƙara. Wallahi ko mai gyara ya kwana yana saiti ba za ta zauna ba. Kai, ko a cikin gidan Shimano ma, shiftar 105 mai giya 11 ba ta aiki da tsohuwar direlar 105 ta zamanin giya 10. Saboda haka waɗannan biyun tare suke tafiya.

Masu lantarki ma haka ne. Shimano ya fito da Di2 a 2009, Campagnolo ya biyo da EPS a 2011, SRAM ya gabatar da eTap marar waya a 2015. Babu wanda yake jin umarnin ɗan'uwansa.

Abu na biyu, ƙafar baya. Kaset yana zama ne a kan wani ɗan bututu mai tsaga-tsaga a jikin hob, ana ce masa firihob. A nan akwai labari mai daɗi. Har zuwa giya 11, kaset ɗin SRAM yana hawa firihob ɗin Shimano, don haka ƙafarka tana nan daram. Campagnolo kuwa tsagarsa daban ce, sai ka samo nasa firihob ɗin. Amma da yake tazarar haƙoran giya 11 ta kusa zama ɗaya a duka kamfanonin uku, mahaya da yawa suna barin kaset ɗin Shimano a ƙafa su yi amfani da shi da saitin Campagnolo, kuma yana tafiya. Da an shiga giya 12 sai lissafi ya canza. Kaset ɗin titi na SRAM AXS yana farawa da haƙori 10, yana buƙatar firihob mai suna XDR, ga kuma sarƙarsa ta musamman, Flattop. Wasu hob ana iya cire musu firihob a sa wani, wasu ba a samun nasu. Idan naka yana cikin na biyun, ka ƙara kuɗin sabuwar ƙafa a lissafi.

Abu na uku, kuma ina roƙon ku ku riƙe wannan ko kun manta sauran: man birki. Birkin faifai na Shimano da Campagnolo man minaral yake sha. Birkin titi na SRAM kuwa man DOT 5.1 yake sha, dangin na mota. Idan aka zuba wannan a wurin wancan, robobin ciki suna lalacewa, birki ya iya sakinka a gangara. Ke nan ba za ka haɗa hannun birkin wani kamfani da maƙamar birkin wani ba, har bututun man ma sabo za a sa. Wannan maganar rai ce. Mai birkin waya irin mai kama gefen wili ya fi samun sauƙi, galibi yana aiki, sai dai laushin hannun ya ɗan canza.

Na huɗu, gindin feda. Sandar kuran ɗin Shimano kaurinta milimita 24 ne, ta SRAM DUB kusan 29, ta Campagnolo Ultra-Torque kuma gida biyu ce da ke haɗuwa a tsakiya. Canza kuran yana nufin canza boris ɗin da ke cikin firem, kuma sai ka san irin ramin firem ɗinka kafin ka saya.

To me zai rage? Firem, sirdi, hannun keke, tayoyi da feda, duk suna nan.

Sai kuma yatsunka, su ma za su koma makaranta. A Shimano mai waya, ka tura hannun birki ciki sarƙa ta hau babban haƙori, ƙaramar liba ta bayansa ta sauko da ita. A SRAM liba ɗaya ce, DoubleTap: gajeriyar turawa ta kai ka giya mai nauyi, doguwa ta kai ka mai sauƙi. Campagnolo yana da liba bayan birki da maɓallin babban yatsa a gefe. A eTap kuwa dama nauyi, hagu sauƙi, ka danna duka biyu direlar gaba ta motsa. Ka saba da shi a titi marar cunkoso kafin ka shiga ayari.

Yanzu mu dawo gida. Da yawanmu keken hannu muke saya, kuma a abin da nake gani wajen masu gyara, kayan Shimano sun fi samuwa nesa ba kusa ba. Ƙurar hunturu tana cinye sarƙa da kaset da wuri. Kafin ka koma wani kamfani, tambayi kanka: idan wayar shifta ta tsinke ko direla ta karye ana gobe tsere, a ina zan samo? Ko mai gyarana yana da makullan kwance wannan kayan?

Shawarata ita ce, lokacin canji mafi araha shi ne lokacin da sarƙa, kaset da haƙoran gaba suka cinye, tunda dama kuɗi za su fita. Ka rubuta jerin komai, har firihob da boris da kuɗin aiki, sannan ka kwatanta da hawa mataki ɗaya a gidan da kake, misali daga Tiagra zuwa 105, ko daga Rival zuwa Force. Tsohon saitin kuma ka sayar da shi a dunƙule, ya fi daraja. In abin da ke damunka giya ce mai tsalle, fara canza waya da sarƙa tukuna, sau da yawa nan matsalar take.

Wanda ya taɓa yin wannan canjin, ya rubuto mana yadda ta kaya. Allah ya tsare mu a kan titi, kar a manta da hular kwano. Sai mun haɗu a shiri na gaba.