Bayani Game Da Sitokin Da Yadda Ake Sarrafa Su Domin Bincike

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun garkuwar jiki, ba sa yaƙi sai da shawara a tsakaninsu. Idan cuta ta shiga, ƙwayar da ta fara gamuwa da ita takan saki wani irin furotin ƙarami, ya tafi ya manne a jikin wata ƙwaya, ya umurce ta da ta hayayyafa, ko ta garzaya wurin ciwo, ko ta dakata. Su waɗannan manzanni su masana ke kira sitokin.

Daga cikin waɗanda aka fara ganowa akwai intaferon. A shekarar 1957, a Landan, Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka zuba bairos na mura wanda aka raunana da zafi a kan tantanin ƙwan kaza, suka tarar tantanin ya fid da wani abu mai hana sabon bairos yaɗuwa. Sa'an nan a 1976, a ɗakin binciken Robert Gallo a Amurka, aka gano wani sitokin mai sa wasu fararen ƙwayoyi su yi ta hayayyafa cikin kwalba, wanda daga baya aka raɗa wa suna intalukin na 2.

To, amma fa samunsu da wuya. Jiki ba ya yin su sai ƙyas, kuma ba su daɗewa. Kari Cantell, wani masani a Finlan, ya yi shekaru yana tatso intaferon daga jinin da jama'a suka ba da gudummawa, duk da haka abin da yake samu kaɗan ne, ga tsada, ga gauraye da wasu furotin. Mai bincike kuwa in ya ga canji cikin kwalbarsa, ba shi da tabbacin wane ne ya jawo shi.

Maganin wannan ya biyo bayan aikin Stanley Cohen da Herbert Boyer, waɗanda a 1973 suka nuna ana iya yanko guntun DNA a dasa shi cikin bakteriya. Watau a ɗauko ƙwayar gadon da ke ɗauke da umurnin yin sitokin, a ɗinke ta cikin wani zoben DNA, a cusa wa bakteriyar E. coli, a yi kiwonta cikin tulu, sa'an nan a fasa ta a tace furotin ɗin. A 1980 Charles Weissmann ya yi haka da intaferon a Zurich, a 1983 kuma Tadatsugu Taniguchi ya ware ƙwayar gadon intalukin na 2 a Japan. Zuwa 1986 har an yarda a yi wa masu wata irin sankarar jini magani da intaferon a Amurka.

Sai dai lalle mai aiki da su ya kiyaye abu uku. Na farko, bangon bakteriya yana da dafi wanda ko kaɗan ne ya saura sai ya tayar da fararen ƙwayoyi, har mutum ya zaci aikin sitokin ne. Na biyu, bakteriya ba ta maƙala wa furotin sukarin da jikin mutum ke maƙala masa, saboda haka wani lokaci akan yi amfani da ƙwayoyin dabbobi masu shayarwa maimakonta. Na uku, sitokin ba ya jure zafi. Akan sayar da shi a busasshen gari, a jiƙa shi, a rarraba ƙanana, a daskare, domin yawan narkarwa da sake daskarewa yana kashe ƙarfinsa.

Wannan na ukun shi ya fi shafar ɗakunan bincike na ƙasashe masu zafi, inda wutar lantarki ke yankewa. Ya kamata malamai su koya wa ɗalibai cewa kafin a gaskata sakamakon gwaji, a fara tambayar inda sitokin ya fito da kuma yadda aka ajiye shi.