Ƙaramar Sata da Mai Sayen Kayanta a Idon Doka

A ƙauyukan Gaya da Ajingi, satar da aka fi kai ƙara a kanta ba ta wuce ta akuya, damin gero a gona, ko wayar hannu a cunkoson kasuwa. Jama'a na ɗaukar ta ƙaramin abu, amma doka ba ta raina ta. Sashe na 287 na dokar Final Kod ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5, ko tara, ko a haɗa wa mutum duka biyun. Wanda kuwa ya sayi kayan, alhali ya san na sata ne ko yana da dalilin zargin haka, sashe na 317 ya ce ɗaurinsa na iya kai shekara 14. Nan ne mutanen kirki ke faɗawa: an kawo waya a rabin kuɗinta, ba kwali ba rasit, ko tunkiya da almuru ba tare da dillali ko shaida ba, mutum ya ce ya yi tsintuwa.

Tsananta wa mai saye tsohuwar al'ada ce a shari'ar Turawa. Dokar da Ingila ta yi a 1717 ta ba alƙalai ikon korar ƙaramin ɓarawo zuwa Amurka ya yi aikin ƙarfi shekara 7, mai karɓar kayan sata kuma shekara 14. Da Amurka ta ɓalle, sai aka koma Ostireliya. Jiragen ruwa 11 na farko sun isa a Janairun 1788, kuma zuwa 1868 an kwashe mutum kusan 162,000, yawancinsu kan sata ce, wasu ta tufa ko abinci. Kaɗan ne suka sake ganin gida.

Yau ba a tsallakar da kowa teku, sai dai zaman jiran shari'a a gidan gyaran hali na Kurmawa ko na Goron Dutse kan cinye watanni, gona ta kwana ba noma. Kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen gyaran hali a Najeriya ba a yanke musu hukunci ba.

Iyalan wanda aka kama su sani cewa tsarin mulki ya wajabta kai shi kotu cikin awa 24, ko 48 idan kotu na nesa, kuma belin 'yan sanda kyauta ne. Marar hali na iya neman lauya kyauta a Hukumar Ba da Agajin Shari'a. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 kuma ta amince da hukuncin yi wa al'umma aiki maimakon ɗauri, wanda lauya kan roƙa wa mai ƙaramin laifi, musamman idan karon farko ne.