Kafin a wanke kwamfutar hannu tas

Yaro ya ɗauki kwamfutar hannu ta babarsa ya yi wasa, ya ajiye. Da uwar ta ɗauka, sai ga wata murya tana karanta duk abin da yatsanta ya taɓa, ga kuma koren layi yana zagaye alamomin da ke fuskar na'urar. Ta danna WhatsApp, ya ƙi buɗuwa. Ta ja shafi sama, ko gezau. Kafin la'asar maƙwabta sun yanke hukunci: a kai wa mai gyara ya yi mata filashin.

Alhali lafiyarta lau. TalkBack ce ta tashi, manhajar da Google ya sa wa Android tun 2009 domin makafi, takwarar VoiceOver ta iPad. Idan tana aiki, taɓawa ɗaya zaɓi ne kawai, sai an taɓa sau biyu da sauri abu yake buɗuwa, jan shafi kuwa sai da yatsu biyu. A na'urori da dama, danne maɓallan ƙara sauti da ragewa tare na daƙiƙa uku shi ke kunna ta, shi ke kashe ta. Aikin yaron ke nan.

Wani lokacin kuwa cutar ta gaske ce. Bayan sabunta manhaja muryar kan ɗauke ɗif, ko ta ƙi mutuwa kome aka danna. Ga makaho, wannan shirun tamkar ɗauke wuta ne da tsakar dare. Ko a nan ma akwai magunguna masu sauƙi: a kashe a kunna, a sabunta TalkBack ɗin. Samsung na da wurin da ake mayar da saitin masu buƙata ta musamman kaɗai, iPad kuma kan mayar da duk saitinsa ba tare da taɓa hoto ko ɗaya ba.

Sai duk waɗannan sun gaza ake mayar da na'ura yadda ta fito daga kamfani. Wannan wankin yana yin magani, domin gurɓataccen saitin yana tafiya da sauran kayan. Sai dai ba ya zaɓe: hotunan suna, karatun malamai da aka sauke, saƙonni, duk wanda ba a ajiye kwafinsa ba ya tafi.

Ga kuma tarkon da ya fi kama mutanenmu. Tun Android 5.1 na 2015, na'urar da aka wanke ta hanyar danne maɓallai ba ta buɗuwa sai da asusun Google na baya. Apple ya riga shi da irin wannan makulli a 2013. Mu kuwa sau nawa mai shago ne ya buɗe mana imel ranar saye, ba mu ko tambayi kalmar sirrin ba? Sai a nemo ta tukuna.

Idan mai na'urar makaho ne, a zauna kusa da shi bayan wankin. A shafin farko na Android, danne maɓallan sautin nan biyu kan dawo masa da muryar, ya ci gaba da sauran saitin da hannunsa.